Me 'Yan Kallo Suka Gani a Cikin Lust Stories?

Ranar 15 ga watan Yuni na 2018 kamfanin Netflix ya saki wani fim na ƙasar Indiya mai suna Lust Stories, watau Labaran Sha'awa, fim ɗin da ba a kai shi gidan sinima ba, sai dai mutum ya biya kuɗin wata ya kalle shi ta intanet a cikin ɗakinsa. Gajerun labarai 4 ne aka ɗinke wuri guda, kowanne na kimanin rabin sa'a, kowanne kuma da daraktansa, su ne Anurag Kashyap da Zoya Akhtar da Dibakar Banerjee da Karan Johar. Waɗannan mutane ba 'yan koyo ba ne. Su ɗin ne dai suka haɗa hannu a 2013 suka shirya Bombay Talkies domin bikin cikar sinimar Indiya shekara 100, kuma na ƙarshensu, watau Johar, da wuya a sami mai kallon fim ɗin Indiya daga Kano har Damagaram da bai san aikinsa ba, ko da bai riƙe sunansa ba, domin shi ne ya shirya Kuch Kuch Hota Hai a 1998 da Kabhi Khushi Kabhie Gham a 2001. Saboda haka ƙurar da ta tashi bayan fitowar fim ɗin ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira, a ga wane ne ya yi magana bisa abin da ya kalla, wane ne kuma ya yi bisa abin da aka ba shi labari.

Sunan fim ɗin shi ne ya fara raba kan jama'a tun kafin a ga hoto ko ɗaya. Duk ɗan kasuwa ya san kalmar sha'awa tana jawo mai saye, kuma ba da kuskure aka zaɓi sunan nan ba. Waɗanda sunan ya jawo da zaton za su sha kallon tsiraici sun tashi da gunaguni, domin abin da suka tarar galibinsa magana ce, mata da maza zaune a falo ko a bakin teku suna gardama, suna ƙarya, suna kame-kame. Tsiraicin da ke ciki bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da abin da Turawa suka saba nunawa tun shekarun 1970. Ƙorafin wannan rukuni ba ya buƙatar dogon sharhi. An yi musu tallar wani kaya an miƙa musu wani, to da mai talla ya kamata su yi rigimarsu.

Waɗanda suka fi ɗaga murya su ne masu tofin Allah tsine, kuma yawancin abin da suka riƙa a matsayin hujja bai wuce 'yan mintoci daga labarin ƙarshe ba, waɗanda aka yanko aka riƙa yawo da su daga waya zuwa waya. Labarin na wata malamar makaranta ce mai suna Megha, wadda Kiara Advani ta fito a matsayinta, da aka aurar da ita ga wani saurayi mai sauƙin hali, Paras, watau Vicky Kaushal. Mutumin kirki ne, yana ƙaunar matarsa, amma a shimfiɗa kansa kaɗai ya sani, bai ma taɓa kawowa a ransa cewa akwai sauran wani haƙƙi a kansa ba. Danginsa kuwa babu abin da suke tambaya sai yaushe za a ga jika. Da abin ya ishi Megha sai ta ɗauko wata na'ura ta biyan buƙata da ta gani wajen abokiyar aikinta, tsautsayi kuma ya sa asirinta ya tonu a tsakar falo, a gaban mijin da uwarsa da sauran dangi. A daidai wannan wuri ne Johar ya saka waƙar taken Kabhi Khushi Kabhie Gham, wadda a fim ɗinta na asali Lata Mangeshkar ce ta rera, aka kuma nuna ta a lokacin da iyali ke tsaye a wurin bautarsu ranar bikin Diwali.

Jaridun Indiya sun ruwaito cewa iyalin Lata Mangeshkar, wadda a lokacin take da shekara 88, sun nuna ɓacin ransu a kan haka, kuma duk cikin sukar da aka yi wa fim ɗin babu wadda ta kai wannan nauyi. Gaskiya ne Johar yana da iko a kan abin da ya shirya da hannunsa, bilhasali ma da gangan ya yi, yana yi wa kansa ba'a, yana nuna cewa iyalin nan mai tsarki da ladabi wanda ya sayar wa duniya a 2001 akwai abin da ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma. Dabara ce mai kaifi. Amma fa iko daban, kara daban. Waƙa tana tafiya da sunan wanda aka san ta da shi, kuma dattijuwar da ta shafe sama da shekara 70 tana tattalin mutuncin muryarta ta cancanci a yi mata kara. Da ya nemi wata waƙar, babu abin da labarin zai rasa sai dariyar minti guda.

Sai dai kuma masu tsinuwar, da yake guntun kawai suka gani, ba su san inda labarin ya dosa ba. Bayan abin kunyar dangin miji sun nemi a raba auren. Da ma'auratan suka sake haɗuwa, Megha ta ƙi yarda cewa ta yi wani laifi da za a yafe mata, ta gaya wa mijin cewa mace tana da wata buƙata ban da haihuwa, shi kuma ya nuna alamar ya ji, yana so ya koya. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga kowace al'umma mai aure. Malaman fiƙihu sun daɗe da rubuta haƙƙin mace a shimfiɗar mijinta, kuma wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san sau nawa ake zuwa da ƙara a kan cefane ko tufafi alhali kuwa ciwon yana wani wuri da baki ya kasa faɗa. Ana iya ƙin hanyar da Johar ya bi, kuma akwai dalilin ƙinta, domin ya mai da abin tausayi abin ban dariya. Amma wanda ya ce babu wata tambaya ta gaskiya a cikin labarin, lalle bai kai ƙarshensa ba.

A ɗaya gefen akwai masu yabo, galibinsu 'yan boko na manyan birane irin su Mumbai da Delhi da Bangalore, waɗanda suka karɓi fim ɗin hannu bibbiyu a matsayin tutar 'yancin mata. Suna da abin kamawa, domin kuwa kowane ɗaya daga cikin labaran 4 mace ce a tsakiyarsa, a masana'antar da ta saba ajiye mace a matsayin kayan ado na rawa da waƙa. Amma son a ga an waye ya sa da yawansu sun haɗiye abin da bai kamata a haɗiye ba, musamman a labarin farko na Kashyap. A nan Radhika Apte ta fito a matsayin Kalindi, malamar kwaleji mai aure, wadda ta kwana da ɗalibinta Tejas, ta gargaɗe shi kada ya ɗauki abin da zafi, sannan ita ce ta koma tana bibiyarsa, tana tsare shi da tambaya a kan budurwarsa, tana huce kishinta a cikin aji. Har sai da ta sa shi ya naɗi muryarsa a waya cewa da yardarsa aka yi, wanda ke nuna ta san sarai tana da kujerar da za ta iya rasawa. 'Yan kallo da yawa sun yi dariya, sun yaba wa gwanintar Apte, kuma haƙiƙa ta yi wasa mai kyau. To amma a juya labarin, a ce malamin namiji ne ɗalibar kuma mace. Shin akwai wanda zai kira shi 'yanci? Ɗalibai, waɗanda suka san abin da ake nufi da mutum ya riƙe makinka a hannunsa, ba sa buƙatar a fassara musu. Ana iya cewa Kashyap bai wanke Kalindi ba, ya nuna ta ne da ruɗewarta da son kanta. Idan haka ne, to laifin na masu tafin ne da suka ga zalunci suka kira shi jarunta saboda mai yin sa mace ce.

Labarin da ya fi kowanne daraja shi ne na biyu, na Zoya Akhtar, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa a hirar bakin titi, ko da yake masu sharhi da dama shi suka ɗora a gaba. Bhumi Pednekar ce ta fito a matsayin Sudha, 'yar aikin gidan wani gwauro ma'aikaci mai suna Ajit. An buɗe labarin da su biyu a gado. Daga nan ta tashi ta ɗauki tsumma ta durƙusa tana goge daɓe, shi kuma ya yi wanka ya karya kumallo da abin da ta dafa. Sai iyayensa suka zo daga gida, ba da jimawa ba kuma wasu baƙi suka iso da 'yarsu domin a daidaita maganar aure. Sudha ce ta dafa shayin, ita ce ta jera shi a faranti ta kai falo, ta kuma kai wa Ajit da amaryar da za a yi nasu a cikin ɗakin nan da ta sani. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya kore ta, uwar ma da fara'a take yi mata magana. Ba a dai ganinta ne kawai. Da aka gama aka ba ta alewar murna ta tafi da ita. A bakin ƙofa ta haɗu da 'yar aikin maƙwabta tana nuna mata wata riga mai ɗan yagewa da uwar ɗakinta ta ba ta, tana murna. Sudha ta ɗauki alewar ta ci, ta tsaya jiran na'urar sauka ƙasa. Duk tsawon labarin kalmomin da ta furta ana iya ƙirga su da yatsu.

Dalilin da ya sa aka yi shiru a kan wannan labari ba shi da wuyar ganewa. Da fari dai babu wani guntu a cikinsa da za a yanka a aika wa aboki. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, a 2018 mafi arhar kuɗin Netflix a Indiya rupi 500 ne a wata, kuɗin da ba talaka ke cire shi domin kallo ba. Watau waɗanda suka fara ganin fim ɗin su ne Ajit da iyayensa, mutanen da wata Sudha ke goge musu daɓe a daidai lokacin da suke kallo. Ya fi musu sauƙi su yi gardama a kan Megha, wadda 'yar gidansu ce, bisa ga su tambayi kansu ko yarinyar da albashinta ke hannun maigida tana da ikon cewa a'a. Waɗansu masu yabo sun ce labarin ya nuna ita ma 'yar aiki tana da sha'awa da zuciya, kuma haka ne. Amma abin da Akhtar ta nuna ya wuce nan, domin ta nuna gidan da mutum zai iya raba gado da mace amma ba zai iya raba kujerar falo da ita ba, a ƙasar da bambancin asali da na dukiya ke yanke wa mutum wanda zai aura tun kafin a haife shi. Ba sai an je Mumbai ba kafin a ga ɗakin 'yan aiki a bayan gidan babban ma'aikaci.

Labari na uku, na Banerjee, na wata mata ce, Manisha Koirala, da ta shekara 13 da aure, ta kuma shekara 3 tana cin amanar mijinta da babban amininsa, har dare ɗaya ya haɗa su ukun a wani gida na bakin teku. Masu neman nishaɗi sun ce ya yi sanyi. Abin lura a cikinsa shi ne mazan biyu sun fi damuwa da abotarsu da sunansu bisa ga matar da suke rigima a kanta. Wata 3 bayan fitowar fim ɗin, ranar 27 ga Satumba na 2018, Kotun Ƙoli ta Indiya ta soke sashe na 497 na dokar laifuffuka da Ingilishi suka bari tun 1860, wanda ke hukunta namijin da ya nemi matar wani da ɗaurin da zai iya kai shekara 5, amma in mijin ya yarda babu laifi. Kotun ta ga cewa dokar ta ɗauki mace tamkar kayan mijinta. Fim ɗin ba shi ya jawo hukuncin ba, amma iska ɗaya ce ke kaɗa su.

Irin wannan rarrabuwar kai ba a kan Lust Stories aka fara ta ba, kusan ɗabi'a ce ta duk fim ɗin da aka tara daraktoci a kan zance ɗaya, domin mai kallo ba ya fita da hukunci guda, sai dai ya jera su daga na gaba zuwa na baya. A 2004 an nuna Eros a bikin finafinai na Venis, wanda ya haɗa Wong Kar-wai na Hong Kong da Steven Soderbergh na Amurka da dattijo Michelangelo Antonioni na Italiya, wanda ya haura shekara 90. Kashin Antonioni shi ya fi kowanne tsiraici, shi kuma ya fi shan suka. Wanda aka yaba shi ne na Wong, labarin wani tela da ya shekara da shekaru yana ɗinka wa wata karuwar manya riguna, yana ƙaunarta bai taɓa furtawa ba, har duniya ta juya mata baya. A can ma wanda ke yi wa wani hidima, wanda ba shi da bakin magana, shi ne ya zauna a zukatan masu kallo.

Akwai kuma waɗanda ra'ayinsu bai tsaya a kan fim ɗin ba, sai a kan ƙofar da ya shigo ta cikinta. Hukumar tace finafinai ta Indiya, wadda ke aiki da dokar 1952, ikonta a kan abin da za a nuna a sinima yake. A farkon 2017 ta hana Lipstick Under My Burkha takardar izini, cikin dalilanta har da cewa labarin ya karkata ga mata, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta finafinai ta sa baki kafin a nuna shi a watan Yuli. Shekara guda bayan haka Lust Stories ya shiga gidaje ba tare da almakashi ya taɓa shi ba, domin dokar ba ta san intanet ba. Masu yabo sun yi murna da haka, kuma wanda ya ga irin dalilan da hukumar ke bayarwa ba zai zarge su ba. Amma ƙofar da mai hankali ya bi, ita ce wawa ma ya bi. Kamfanoni barkatai sun cika wayoyin jama'a da jerin labaran batsa tsagwaronta, ba Sudha ba Megha, sai suna da hoton talla. A watan Fabrairu na 2021 gwamnatin Indiya ta kafa ƙa'idar cewa kowane kamfani ya rarraba kayansa gwargwadon shekarun mai kallo, daga na kowa da kowa, zuwa na 7 da 13 da 16, har na manya zalla, a watan Maris na 2024 kuma ta toshe irin waɗannan kafofi guda 18. Masu cewa a bar kowa ya kalli abin da ya ga dama ba su ba da amsa a kan wannan ba, kamar yadda masu cewa a hana duka ba su faɗi abin da za a yi da labarin 'yar aiki ba.

A nan ne zancen ya taɓo ƙasar Hausa. Tun zamanin da 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa kawo finafinan Indiya gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos, abin da ya sa suka sami karɓuwa fiye da na Amurka shi ne kunya, watau soyayyar da ke tsayawa a kan waƙa da kallon ido, da girmama iyaye, da auren tilas da kowa ya gane. Wannan amana ta yi ƙarfi har uba yakan ji an ce fim ɗin Indiya ne ya bar yara da shi ya tafi sabgarsa. Wancan zato ya daina zama abin dogaro. Indiyar da ke shirya fim domin intanet ba da wancan ma'auni take aiki ba, ko da darakta ɗaya ne da 'yan wasa ɗaya. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya kiran mai shirya fim na Kano ta tuhume shi a kan rawa ko sutura, amma hannunta ba ya kaiwa ga abin da aka ɗora a Mumbai ya sauka a wayar ɗalibi a ɗakin kwanan makaranta. Abin da ya rage a hannun magidanci shi ne alamar shekaru da ke jikin kowane fim, da lambar sirri da ake kulle na manya da ita, kuma Lust Stories na manya ne, bai ɓoye haka ba tun daga sunansa.

Game da wane ra'ayi ne ya yi rinjaye, kasuwa ta ba da tata amsar. A 2019 an saka fim ɗin cikin masu neman lambar Emmy ta ƙasashen duniya, aka kuma saka Radhika Apte cikin gwanayen mata, watau Kalindi mai yawan magana, ko da yake babu lambar da suka ɗauko. Ranar 29 ga Yuni na 2023 aka saki Lust Stories 2 da sababbin daraktoci 4, su ne R. Balki da Konkona Sen Sharma da Amit Ravindernath Sharma da Sujoy Ghosh. Nan ma kashin da masu sharhi suka fi yabawa shi ne na Konkona Sen Sharma, wanda Tillotama Shome da Amruta Subhash suka fito a ciki, kuma nan ma labarin uwar ɗaki ne da 'yar aikinta, da tambayar wane ne ke da ɗakin da zai rufe ƙofa a birnin da talaka ke kwana da 'ya'yansa a ɗaki guda. Amma kafin fitowarsa abin da ya cika jaridu shi ne labarin cewa Tamannaah Bhatia, wadda ta shekara da shekaru tana ƙin yarda a sumbace ta a fim, ta yarda a wannan karon.